Ranar da na je gida ba a yi rasuwa ba

"Wa ya rasu?"

Abin da ya fara fitowa daga bakin mahaifiyata ke nan da ta ɗaga labulen ƙofa ta gan ni tsaye da jaka a kafaɗa, da la'asar ɗin wata Asabar, kwana huɗu kafin Kirsimetin 2024, a gidanmu da ke Wulari cikin Maiduguri. Ko sallamar da na yi ba ta amsa ba. Hannu ɗaya na riƙe da labule, ɗayan ta dafe ƙirji da shi, tana jiran abin da bakina zai furta.

Na durƙusa na ce, "Inna, babu wanda ya rasu. Ku na zo gani."

Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta ce, "To korar ka aka yi daga aikin?"

Ƙannena suka fashe da dariya, ni ma na taya su, amma tawa dariyar ba ta wuce leɓe ba. Da dare ya raba, kowa ya kwanta, sai na zauna a ɗakin zaure na shiga lissafi. Shekara goma sha biyu ke nan da na koma Abuja da zama. A cikinsu na taka Maiduguri sau goma sha ɗaya: sau takwas ta'aziyya ce ta kawo ni, sau biyu ɗaurin aure, sau ɗaya kuma jinyar wani kawuna wanda bai tashi ba, wato shi ma a haɗa shi da na farkon. Ko a watan Satumbar shekarar, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye babban ɓangare na garin, waya na buga. Da aka ce namu duk suna numfashi, sai na tura kuɗi na koma kan aikina. Ashe ban sani ba, na koya wa tsohuwar nan cewa ganina da mutuwa tare suke tafiya. Tambayar da ta yi mini ba ruɗewar tsufa ba ce, karatun da na biya mata ne ta maido mini.

Na san ba ni kaɗai ba ne. Ku da kuke fitowa daga Kubwa da Lugbe da Nyanya da Mararaba tun duku-duku don ku riski Sakatariyar Tarayya kafin ƙarfe takwas, da ku hadiman da kuke riƙe wa manya waya da jaka, kowa ya yi nasa lissafin a zuciyarsa. Yaushe rabonka da zuwa gida ba tare da an shimfiɗa tabarmar makoki ko an raba goron ɗaurin aure ba?

Aikina tace labarai ne. Ni ne mutumin da ba a ganin sunansa, wanda ke gyara jimla, ya rage tsawo, ya sa wa labari kai. Babu irin takardar da ta fi yawan ratsawa ta gabana kamar sanarwar ta'aziyya. Na haddace ta kamar karatun allo: mai girma wane ya bayyana kaɗuwarsa, rashin ba na iyalan mamaci kaɗai ba ne, an bar giɓin da zai yi wuyar cikewa, Allah ya ba da haƙurin jure rashi. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta ta da tsakar dare, ogansu na barci, kuma ban ga laifinsu ba, domin ni ma nakan cire sunan mamacin jiya in sa na yau, kan labarin ya zauna daram ba tare da na taɓa sauran kalmomin ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne, zamana da danginmu ma ya koma irin wannan takarda: a sauya suna, a sauya rana, in zo in zauna kwana uku, in koma.

Wanda bai san Wulari ba zai so in ɗan faɗa masa inda nake magana. Unguwa ce ta ma'aikata da baƙi, kusa da barikin 'yan sanda, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Maiduguri a 1964, shi ne kuma ya kawo mahaifina daga Zariya yana saurayi, ya yi aure, ya haife mu, har jiragen suka daina zuwa shi bai koma ba. A layinmu akwai Babur da Margi da Kilba da mutanen Chibok, akwai Barebari da Shuwa da Inyamurai masu shaguna, Hausa ce kuma ke haɗa kowa da kowa. A nan babbar majami'ar EYN take, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda asalinta ya faro daga Garkida a 1923. Da Hausa suke waƙoƙinsu. Muna yara, ranar Lahadi muna wanki a tsakar gida, mukan ji ana ambaton Allah daga can da irin lafazin da limaminmu ke ambatonsa, ba mu taɓa ganin abin mamaki a ciki ba.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan wata mata Babur, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, wadda duk layin ke kira Mama. Tsakanin gidanta da namu akwai wata langa mai murfi, fentinta ya ɓare a gefe, wadda har yau ba a san ta waye ba a asali. Da Sallah takan tsallaka da sinasir da nama, da Kirsimeti ta dawo da shinkafa da kaza, a sauran ranaku kuwa da duk abin da ya samu, ko da ɗanɗanon miya ne. Ba a mayar da ita wayam. Kuma duk Kirsimeti mahaifina ne ke yanka wa Mama kajinta, domin ta ce ba za ta dafa abin da maƙwabtanta ba za su ci ba. Na san malamai suna da maganganu a kan cin abincin wannan rana, ban kuma zo ba da fatawa ba. Abin da na gani nake faɗa: Baba yakan wasa wuƙarsa tun daren jajibiri, kamar yadda yake yi da Babbar Sallah.

Langar nan ta ga abubuwa. Ranar Asabar 18 ga Fabrairun 2006, da zanga-zangar zanen ɓatancin da aka yi a Denmark ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙonen majami'u da kashe-kashe a Maiduguri, Mama da 'ya'yanta a ɗakin Baba suka kwana biyu, shi kuwa ya shimfiɗa buzunsa a zaure. A ƙarshen Yulin 2009, lokacin ina jami'a ina karatun Turanci, rikicin Boko Haram ya ɓarke, cibiyar Muhammad Yusuf kuwa a unguwar Railway take, ba wata tazara mai yawa daga wurinmu. Majami'ar EYN ta Wulari na cikin waɗanda aka lalata a kwanakin nan. Ranar Lahadi 3 ga Yulin 2011 bam ya tashi a wata mashaya kusa da bariki, wasu rahotanni suka ce mutum biyar suka mutu, wasu suka ce goma. A yau da nake wannan aiki na san yadda ake warware irin wannan saɓani a ɗakin labarai: a rubuta "aƙalla biyar" a wuce. A Wulari kuwa ba a ƙidaya aka san su ba, da sunayen iyayensu aka san su. Da zamani ya juya, aka shiga kamen samari bayan kowane hari, ƙanena a gidan Mama ya riƙa kwana. Gidaje da yawa a layinmu sun tashi a shekarun nan, wasu zuwa Jos, wasu Yola, wasu Abuja. Gidajen nan biyu ba su motsa ba, ban kuma taɓa jin wani a cikinsu ya kira abin da suka yi wa juna da wani babban suna ba.

Mahaifina ba bam ne ya kashe shi ba, ba kuma harsashi ba. A watan Afrilun 2013, ban cika shekara da kama aiki ba, ya kira ni ya ce, "In ka samu sarari ka zo mu gaisa." Na tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya ƙalau, ganina kawai yake son yi. Na ce masa sai an tabbatar da ni a aiki tukuna, ya ce Allah ya taimaka. Ranar 14 ga Mayu Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, kwanaki kaɗan bayan haka aka katse layukan waya. Maiduguri ta yi tsit na tsawon watanni. Mai son magana da nasa sai ya fita daga jihohin uku, ko ya koma rubuta wasiƙa kamar zamanin kakanni.

Wata Juma'a a watan Yuni wani direba ya neme ni in same shi a tasha. Ya miƙo mini takardar da aka yago daga littafin makaranta, an ninke ta huɗu. Rubutun Mama ne, domin Inna ba ta yi boko ba. "Ɗana, Malam ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da asuba. An yi masa sutura. Innarka tana nan da sauƙi. Kada ka taho da dare." Ciwon ya taso masa ne cikin dare, ana dokar hana fita, Mama ce ta tsallako ta zauna a kansa har rai ya yi halinsa. Kwana ukun da suka wuce tsakanin Talata da Juma'a na yi su ina cin abinci, ina dariya da abokan aiki, ina gyara labaran mutuwar wasu, ban san ni maraya ba ne. Ko da na isa, an riga an naɗe tabarmi.

Mai hankali zai ce wannan ya isa darasi. Amma dubi darasin da na ɗauka. Da aka maido da sabis, sai na saya wa Inna waya mai layi biyu, na saya wa ƙanena wata, na karɓi lambar Mama da ta limamin unguwa, don kada labarin mutuwa ya sake yi mini latti. Hanyar jin rasuwa na gyara. Maganar da Baba ya yi mini a watan Afrilu kuwa, ta in zo mu gaisa, ban taɓa komawa kanta ba sai da Inna ta dafe ƙirji a bakin ƙofa.

Akwai dalilin da ya sa muka zama haka, kuma wani ɓangarensa a ofisoshinmu yake. Shiga wurin darakta ka ce an yi maka rasuwa, kafin ka rufe baki ya ce Allah ya jiƙan rai, ka tafi, wataƙila har a yi maka karo-karo. Shiga ka ce za ka je ka ga mahaifiyarka, zai tambaye ka ko ba ta da lafiya. In ka ce lafiyarta ƙalau, sai ya dube ka kamar wanda ya zo da wasa. Shi ya sa kowane ofishi yake da ma'aikacin da ya binne kawu ɗaya sau uku, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Alhali ƙa'idar aikin gwamnati ta ba ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama hutun kwana 30 a shekara, ba ta kuma ce sai ya kawo shaidar mutuwa ba. Da yawa ba sa ɗaukar hutun, don tsoron kada a raba wani abu ba sa nan, ko wani ya zauna a kujerarsu. Waɗanda suka ɗauka kuma a Abuja suke cinye shi, suna bin fayil ɗin ƙarin girma. Hadiman 'yan siyasa nasu ya fi tsanani, domin su ba su da hutu sai ranar da oga ya hau jirgi, in ma bai tafi da su ba. Na ga hadimin da ya raka ogansa ta'aziyya garinsu na haihuwa, ayarin motoci ya wuce ta bakin layin gidansu, bai samu minti goma ya shiga ya gaida tsohuwarsa ba.

Sai dai in muka ɗora wa ofis laifin duka, mun yi wa kanmu sassauci. Gaskiyar ita ce zuwa ta'aziyya ya fi mana sauƙi. Yana da iyaka, kwana uku ne a watse. Yana da 'yan kallo, za a ce wane ma ya zo tun daga Abuja. Maganar da za ka faɗa an riga an tsara maka ita, amsar ma an tsara. Mamaci kuma ba zai nuna maka rufin da ke yoyo ba, ba zai tambaye ka yaushe za ka ƙara aure ko me ya sa 'ya'yanka ba sa jin Hausa sosai ba. Zama da mai rai kuwa ba shi da wannan tsari. Sai ka zauna, hira ta ƙare, a yi shiru, ka ga yadda hannunta ya fara rawa in ta ɗauki kofi.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, tun muna makarantar Islamiyya aka karantar da mu bambancin. Sallar jana'iza farilla ce ta kifaya, in wasu suka yi ta sauran sun kuɓuta. Kyautata wa iyaye da sada zumunci kuwa a wuyan kowa suke, babu mai ɗauke wa wani. Mu sai muka rungumi wanda jama'ar unguwa za su iya sauke mana, muka ajiye wanda babu mai yi mana. 'Yan'uwanmu Kirista ma girmama uwa da uba na cikin dokoki goma da suke koya wa yaransu, ban kuma ji an ce sai a bakin kabari ba. Ba ina rage darajar ta'aziyya ba ne. Wanda aka taɓa yi wa rasuwa ya san nauyin kowace ƙafa da ta tako, har yau ina tuna fuskokin waɗanda suka zo mini a makare kamar yadda ni ma na zo. Amma Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take, ba ƙafar rakiyar gawa kaɗai suke nufi ba.

Za a ce mini hanya, kuma mai faɗar haka bai yi ƙarya ba. Daga Abuja zuwa Maiduguri ya haura kilomita 800, in ka bi ta Jos da Bauchi da Potiskum yini guda ne cur, sannan ga zangon ƙarshe daga Damaturu wanda kowa ke shiga da addu'a a baki. Babu ɗan Borno da ya manta Benisheik a Satumbar 2013, ko daren 9 ga Fabrairun 2020 a Auno, inda matafiyan da suka tarar an rufe hanyar shiga gari suka kwana a motocinsu, aka far musu, aka kashe aƙalla 30. Jirgin sama kuwa, kuɗin zuwa kaɗai ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ma ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu. Ga tsaraba, ga layin masu buƙata da ke jiran ɗan Abuja, kowa da takardun ɗansa a ambulan. Duk na yarda. Tambayata guda ce: ranar da aka bugo aka ce an yi rasuwa, ina waɗannan dalilai suke shiga? Hanyar ita ce dai, kuɗin su ne dai, amma mukan ranto, mu hau motar asuba, mu ratsa Auno. Kuɗin da ke samuwa don ganin kabari, in an so, zai samu don ganin fuska. Game da tsaraba kuma, na lura wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara uku shi ake jira da buhu. Mai yawan zuwa, ko lemo ya riƙo an gode.

Ita ma gwamnatin da kuke yi wa aiki ta ɗauki wannan hali game da Borno. Kwana uku bayan Auno Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jaje, mutanen gari suka bi ayarinsa da ihu. A farkon Maris na 2023 ya zo buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas, bayan shekara biyu da aka ɗauka ana fama da duhu sakamakon fasa turakun wuta a hanyar Damaturu, amma ko wannan zuwan sai da ya haɗu da jajen gobarar Kasuwar Monday da ta auku kwanaki kaɗan kafin nan. Shugaba Bola Tinubu ya zo a Satumbar 2024 bayan ambaliya. Zuwan jaje abu ne mai kyau, babu mai musu. Amma madatsar Alau ta taɓa yin irin wannan ɓarna a 1994, shekara 30 cif kafin ta biyun. Madatsa ma irin tsohuwa ce: tana buƙatar mai zuwa ya duba ta ranar da babu abin da ya faru. Ku da kuke tsara wa manya jadawalin tafiye-tafiye kun fi ni sanin sau nawa irin wannan ziyara ke samun gurbi.

Kwana shida na yi a Wulari, kuma in aka ce in kawo rahoton abin da na yi, babu abin da zai cika sakin layi. Na sha kunun gyaɗa da safe a tsakar gida, hunturu na busawa, Inna ta sa garwashi a kasko ta barbaɗa turaren wuta, ƙamshin ya kama rigunana har na dawo da shi Abuja. Na ci burabusko da miyar kuka da bandar kifi har na kasa tashi. Na gano rediyon Baba yana nan yana aiki, an ɗaure murfin batirinsa da roba, Inna na kunna shi duk asuba ba don labarai ba, don ta ce gidan yakan yi shiru da yawa. Na raka ta Kasuwar Monday a Keke Napep, na tsaya riƙe da leda ina kallon yadda ta kwashe kusan rabin sa'a tana ciniki a kan abin da bambancinsa bai kai kuɗin katin da nake ƙonawa a kira ɗaya ba, ta fito tana murmushin wanda ya ci yaƙi. Na ji labarin yadda suka haɗu da Baba, wanda ban taɓa ji ba, domin a zaman makoki ba a ba da irin wannan labari. Ni ɗan fari ne, ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wannan na Abuja" take cewa. A rana ta huɗu na ji tana gaya wa wata baƙuwa, "Yaron nan yana ciki," kamar wanda bai taɓa barin gidan ba.

Na je Gwange na ga zanen da ruwa ya bari a jikin katangu, a wasu wuraren ya fi tsayina. Na je maƙabarta tare da ƙanena. Ruwa ya bi ta kan sashen da Baba yake, ya shafe tudun, ya tafi da alamar da aka kafa. Ƙanena ya ce nan ne, ya sake dubawa ya ce ko kuma can gaba kaɗan. Muka tsaya a tsakani muka yi wa duk na layin addu'a. Ban yi kuka ba a 2013, domin na zo a makare, kunya ta hana ni. A nan na yi, ƙanena ya juya baya yana duban wata dalbejiya har na gama.

Daren jajibirin Kirsimeti Mama ta aiko jikanta ya kira ni. Ta tsufa, idonta ɗaya ya yi hazo, amma muryar tana nan. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama kaina da hannu biyu ta ce, "Ɗana, da na ji ka zo sai da gabana ya faɗi. Na ce wa kuma muka rasa?" Sannan ta nuna mini zakaru uku da aka ɗaure a gindin katanga. "Tun da Malam ya tafi ƙanenka ke yi mini. Bana babba yana gari, ba zan ba ƙarami wuƙa ba."

Rabona da yanka tun ina sakandare. Washegari da sassafe na fito da wuƙar Baba, wadda Inna ta ajiye a naɗe cikin tsumma, na fuskanci alƙibla na yi bisimilla. Na farko da na biyu suka tafi lafiya. Na ukun ya fizge daga hannun yaron da ke riƙe da shi tun ban kai wuƙa ba, ya haye katanga ya dira gidanmu, ni da jikokin Mama da ƙannena muka bi shi muna zagaya tsakar gida, mai tace labarai da digirinsa na Turanci yana tuntuɓe da turmi. Inna da Mama, kowace a nata ɓangaren katangar, suna dariya har da hawaye. Daga majami'a an fara waƙa. Da azahar langar ta tsallako, da cinyar zakaran da ya wahalar da ni a sama, Mama ta ce a ba ni ita musamman.

Ranar Juma'a da asuba na yi shiri, domin in fita gari da zarar an buɗe hanya. Inna ta rako ni har zaure, abin da ba ta saba ba, ta cusa mini ƙullin turaren wuta da yaji a jaka. Na durƙusa ta sa mini albarka. Har na miƙe sai ta ce, "In za ka sake zuwa ka bugo tukuna, zuciyata ba ta da ƙarfin da. Kuma ka zo da bazara, lokacin mangwaro."

Na ce, "Wane mangwaro, Inna?"

Ta nuna bishiyar da na kwana shida ina shan kunu a ƙarƙashinta. "Wanda babanka ya dasa shekarar da ka tafi. Bana shekara shida ke nan yana 'ya'ya."